Haruffa Biyu A Kan Takarda: Wa Ya Tabbatar Da Su?

A da, idan magabatan yaro suka tashi neman aure a Kanya Babba ko Babura ko Kazaure, abin da ake bincikawa shi ne asali da hali da sana'a. Yau an ƙara da wata 'yar takardar asibiti mai ɗauke da haruffa biyu na boko, AA ko AS ko SS, wani lokaci AC ko SC. Takardar nan ta yi ƙarfin da har takan warware abin da iyaye suka ƙulla. A Jihar Kano ma ta zama doka, domin a watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da gwajin jinotaif, kuma ba a ɗaura aure sai an nuna shaidar. Mu mutanen arewa maso yammacin Jigawa, da muke aure da auratayya da Kanawa tun kafin a yanke mana jiha a 1991, ba mu da ikon cewa abin bai shafe mu ba.

Bari mu faɗi matsayinmu tun da wuri, kada a juya mana magana. Muna goyon bayan gwajin jini kafin aure. Duk wanda ya taɓa kwana a gaban yaron da ciwon sikila, watau amosanin jini, ya tasar wa, yana kuka ƙashinsa kamar ana sara, ba zai yi jayayya da wannan ba. Abin da muke ƙorafi a kai dabam ne. Mun ɗauki haruffan nan biyu tamkar hukuncin alƙali, alhali kuwa awon da ake yi a yawancin ɗakunan gwaji ba ya iya rarrabe wasu ire-iren jini da suka yi kama da juna. Akwai jinin da yake fitowa a matsayin S amma ba S ba ne. Akwai wanda yake fitowa a matsayin C amma ya fi C sharri nesa ba kusa ba. Akwai kuma wanda yake ɓuya gaba ɗaya a bayan AA. Tun da mun yarda takarda ta raba masoya, to wajibi ne takardar ta zama gaskiya.

Kafin mu shiga bayanin waɗannan, ya kamata mu tuna cewa yankinmu yana da tarihi a wannan fage wanda da yawa daga cikinmu ba su sani ba. Garki, maƙwabciyar Babura, wadda har mazaɓa ɗaya suke a Majalisar Wakilai ta Tarayya, ita ce inda Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka gudanar da babban binciken zazzaɓin cizon sauro daga 1969 zuwa 1976, lokacin tana cikin tsohuwar Jihar Kano. A cikin aikin ne Farfesa Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, da abokan aikinsa suka auna jinin mutanen ƙauyuka, suka buga sakamakon a 1979. Sun tarar kashi 24 cikin 100 na jarirai AS ne, a tsakanin waɗanda suka wuce shekara biyar kuwa adadin ya kai kashi 29. AC bai wuce kashi 0.7 ba. Amma lissafin da ya fi tayar da hankali shi ne na SS: kashi 2.1 cikin 100 na jarirai da shi aka haife su, amma a cikin duk waɗanda suka haura shekara tara mutum ɗaya tak aka samu. Ina sauran suka tafi? Amsar tana maƙabarta. Ba mu shakka cewa cikin matan da ake kira masu wabi a lokacin, waɗanda suke haihuwa suna binnewa, akwai waɗanda ba aljani ne ya shafe su ba, gadon jini ne daga uwa da uba.

Binciken na Garki ya kuma ƙarfafa abin da Anthony Allison ya nuna a Afirka ta Gabas a 1954, cewa mai AS yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro yana ƙarami. Shi ya sa yawan masu AS yake ƙaruwa daga jarirai zuwa manya, domin sun fi takwarorinsu tsira. Saboda haka babu abin gori a cikin AS. Garkuwa ce da kakanninmu suka rayu da ita a ƙasar sauro, sai dai idan garkuwa biyu suka haɗu a jikin ɗa guda sukan zama masifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar yara kimanin 150,000 da wannan cuta kowace shekara a Nijeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya.

To mene ne ainihin abin da haruffan suke nufi? A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari da ake kira himogulobin, shi ne mai ɗaukar iskar da muke shaƙa daga huhu zuwa sassan jiki. An gina shi da sarƙoƙi huɗu, biyu ana ce musu alfa, biyu ana ce musu beta. Sarƙar beta tamkar carbi ce mai ƙwaya 146 a jere, kowace a gurbinta. Himogulobin na yau da kullum shi ne A. Idan aka musanya ƙwaya ta shida da wata, sai a sami S, kamar yadda Vernon Ingram ya gano a Ingila a 1956 da 1957, bayan Linus Pauling ya nuna a 1949 cewa aibin yana cikin sinadarin kansa. Wannan S, da zarar ya sauke iskar da ya ɗauko, sai ya riƙa manne wa 'yan'uwansa suna zama dogayen zaruruwa masu tauri, su lanƙwasa ƙwayar jinin ta koma siffar lauje. Ƙwayar da ta kamata ta yi kwana 120 sai ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20, kuma kafin ta mutu ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ne ƙarancin jini da ciwon ƙashi suke tasowa.

Amma carbi mai ƙwaya 146 ba a gurbi na shida kaɗai ake iya samun musanya ba. Masana sun lissafta ire-iren himogulobin fiye da 1,000. Mafi yawansu ba su da wata illa, mai su zai rayu ya tsufa bai san yana da su ba. Tambayar da ta dame mu ita ce, me yake faruwa idan ɗa ya gaji S daga ɗaya daga cikin iyayensa, ya kuma gaji ɗaya daga cikin waɗannan baƙin ire-ire daga ɗayan? Amsar ta dogara ga ko baƙon yana taimaka wa S wajen ƙulla zarensa, ko kuwa yana hana shi.

A nan ne dole mu leƙa ɗakin gwaji. Awon da aka fi yi a ƙasar nan shi ne wanda ake kira ilektiroforesis. Ana ɗiga jini a kan wata takarda ta musamman da aka jiƙa da ruwan magani mai kaifin kanwa, a sakar mata wutar lantarki, sai kowane irin himogulobin ya yi gudu gwargwadon cajin da ke jikinsa, kamar dawaki a filin sukuwa. A yakan yi nisa, S ya tsaya a tsakiya, C ya rage a baya. Ma'aikaci ya duba inda layi ya tsaya, ya rubuta harafi. Matsalar ita ce awon nan ba ya ganin fuskar doki, wurin tsayuwarsa kawai yake gani. Ire-iren da ake kira D da G suna tsayawa daidai inda S yake tsayawa. Waɗanda ake kira E da O-Arab kuma suna tsayawa daidai inda C yake tsayawa. Wanda bai yi awo na biyu ba, ba shi da hanyar da zai rarrabe su, kome ƙwarewarsa.

Kada wani ya ce wannan labarin ƙasashen Turawa ne. A 1965 likita Watson-Williams da abokan aikinsa suka ba da labarin wani sabon iri da aka gano a nan Nijeriya, aka sa masa suna D-Ibadan. Yana gudu tare da S a awon lantarki, amma ba ya lanƙwasa ƙwayar jini, kuma ko ya haɗu da S a jikin mutum ɗaya ba ya haifar da cutar. A 1968 kuma likitan nan na Ghana, Felix Konotey-Ahulu, da abokan aikinsa suka bayyana wani da aka raɗa wa sunan asibitin Korle-Bu na Accra. Shi ma a gurbin S yake tsayawa, shi ma haɗuwarsa da S ba ta kawo ciwo. Haka nan akwai G-Philadelphia, wanda musanyarsa a sarƙar alfa take, ana samunsa a tsakanin mutanen da asalinsu Afirka ne, kuma ba ya cutarwa. Yanzu a ce wani saurayi a Roni yana ɗauke da A da ɗaya daga cikin waɗannan. Takardarsa za ta fito AS. Yarinyar da yake nema ita kuma AS ce ta gaskiya. Iyaye su taru su ce a haƙura, a mayar da kayan sa rana, kowa ya kama gabansa da baƙin ciki, alhali kuwa babu ɗan da za su haifa da zai zama SS. An raba su a kan kuskuren da awon naira kaɗan zai iya gyarawa.

Wannan ɓarnar, kome zafinta, mai sauƙi ce idan aka gwada ta da kishiyarta. Akwai wani D ɗin dabam, D-Punjab, wanda ya fi yawa a yankin Punjab na Indiya da Pakistan, ko da yake a birnin Los Angeles na Amurka aka fara gano shi. Musanyarsa a ƙwaya ta 121 take, kuma wannan gurbi yana daga cikin wuraren da zaren S yake kamawa. Shi kaɗai ba ya yin kome, amma idan ya haɗu da S sai ya zama mai tura mota, ciwon ya yi tsanani kusan kamar na SS. Kun ga ke nan harafin D kansa bai isa ba, domin D-Ibadan da D-Punjab suna ɗaya suka tara, hali kowa da nasa.

A wannan gurbi na 121 ɗin ne kuma ake samun O-Arab, wanda aka fara bayyanawa a 1960, kuma an same shi a Sudan da yankin Balkan na Turai da wasu sassan Afirka ta Yamma. Shi ne ya fi ba mu tsoro, saboda a gurbin C yake tsayawa. Mutanenmu sun riga sun ji cewa SC ba ta kai SS zafi ba, kuma gaskiya ne a galibi, ko da yake SC ma tana taɓa ido, tana cin ƙashin ƙugu, tana kuma wahalar da mace mai ciki. Saboda wannan sassauci wasu sukan ce AS da AC su yi aurensu, Allah ya kiyaye. To idan C ɗin nan O-Arab ne fa? Ɗan da ya gaji S da O-Arab ciwonsa irin na SS ne, da ƙarancin jini mai tsanani da yawan kwanciya asibiti, amma katinsa yana cewa SC. Likitan da ya amince da katin zai iya sassauta kulawar da ya kamata ya tsananta. Akwai ma wani da ake kira C-Harlem, wanda sunansa kawai ke C: musanyar S ce da ta Korle-Bu suka haɗu a sarƙa ɗaya, yana gudu tare da C, amma yana lanƙwasa jini.

Wani zai tambaya, me zai kawo jinin Sudan ko na wata ƙasa mai nisa Kanya Babba? Mu dai mun san kakanninmu ba zaune suka yi ba. Fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna zuwa Gwanja sayen goro, a arewacin Ghana ta yau, kuma wannan yanki da Burkina Faso su ne cibiyar himogulobin C a duniya. Alhazan ƙafa sun bi ta Sudan zuwa Makka, wasu sun yi shekaru a hanya, sun yi aure, sun dawo da iyali. Garin Mai Wurno da ke bakin Kogin Nilu shaida ne har gobe. Larabawan Ghadames da Tarabulus sun zauna a Kano sun hayayyafa. Babura kuwa a bakin iyakar Jamhuriyar Nijar take, kasuwa ɗaya ake ci, aure ɗaya ake yi. Jini ba ya tsayawa a shingen kwastan. Daɗin daɗawa muna da auren zumunci, ɗan wa da 'yar ƙane, wanda yake sa irin da ba a cika gani ba a cikin jama'a ya taru ya yi yawa a cikin zuriya guda.

Yanzu sai mu zo ga wanda ya fi kowane haɗari ga zaman aure, watau wanda yake ɓuya a bayan AA. Akwai wani gadon jini da ake kira beta-talasimiya. Shi ba musanya ƙwayar carbi yake yi ba, rage yawan sarƙar beta yake yi, ko ya hana ƙera ta sam daga ɓangare ɗaya. Wanda ya gaje shi daga mahaifi ɗaya lafiyarsa ƙalau, sai dai ƙwayoyin jininsa ƙanana ne, kuma awon lantarki zai nuna shi AA, domin A ɗin ne kaɗai ake gani. Ba ya da yawa a Nijeriya kamar yadda yake a ƙasashen bakin Bahar Rum, amma akwai shi. A ce irin wannan mutum ya auri mace AS, kowa ya yi murna, an ce AA da AS babu matsala. Suka haifi ɗa, ya gaji S daga uwa, ya gaji talasimiya mai hana ƙira daga uba. Jikinsa ba shi da A ko kaɗan, S ne zalla. Ya fara ciwo, aka auna, takarda ta ce SS. Sai wani mai guntun ilmi, wataƙila ɗaya daga cikinmu da ya ci jarrabawar nazarin halittu a sakandare, ya ce ai AA ba ya haihuwar SS. Jama'a, kun san abin da wannan magana take nufi a gidan Bahaushe. An jefi baiwar Allah da ƙazafi, an ɓata sunan ɗa da na dangin uwarsa, a kan abin da yake cikin jinin uban ne da kansa. Musulunci ya tsananta hukunci a kan ƙazafi ƙwarai, bai kuwa ce a kafa shi a kan takardar ɗakin gwaji ba. Kafin ma a kai ga talasimiya, sau da yawa bayanin ya fi haka sauƙi: an yi kuskure ne a awon farko, ko an musanya kwalba, ko kuwa takardar ta bayan fage ce aka saya don a samu a ɗaura aure.

Talasimiyar tana da wata fuskar kuma. Idan mai ragewa ce ba mai hanawa ba, ɗan zai fito da S da ɗan A kaɗan, sai a rubuta masa AS, a ce ba shi da cuta. Yana ciwon ƙashi ana ce masa sanyi ne ko shawara. Alhali alamar tana nan a fili ga mai lura: a jinin AS na gaskiya A ne yake rinjaye, S ba ya cika wuce kashi 40 cikin 100, amma a wannan S ne ya fi yawa. Irin wannan ruɗani yakan faru ga mai SS da aka ƙara wa jini, domin jinin da aka ba shi mai A ne, shi ya sa ake jira kamar wata uku bayan ƙarin jini kafin a auna.

Ba duka labarin ne mai ɗaci ba. Jariri a cikin ciki yana da nasa himogulobin, F, wanda ba ya shiga zaren S, har ma yana warware shi. Tun 1948 likita Janet Watson ta lura a New York cewa jariran da aka haifa da cutar ba su cika nuna ta ba sai bayan 'yan watanni, sa'ad da F ya ja baya. Akwai mutanen da suka gaji wata baiwa, jikinsu ba ya daina ƙera F har tsufa, kuma ɗaya daga cikin sanannun ire-iren wannan gado ana danganta shi da Ghana. Wanda ya haɗa S da wannan, takardarsa za ta iya cewa SS, amma yana noma yana dako babu abin da ya dame shi. Wannan shi ne asalin wasu labaran da ake bazawa cewa wane SS ne amma wani saiwa ko rubutu ya warkar da shi. Daga wannan sirri na F ne kuma aka samo magunguna na gaskiya. Haidiroksiyuriya, wanda aka jarraba a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da wasu asibitoci don kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki, ƙara yawan F yake yi. Sabon maganin nan na gyaran ƙwayar halitta da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, shi ma F yake farkarwa, sai dai kuɗinsa dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya, don haka mu bar shi a inda yake.

Mun san abin da manyanmu na Ma'aikatar Lafiya za su ce, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Za su ce, yaran nan, ƙauyuka nawa ne ko awon farkon bai isa ba? Jarirai nawa ake haifa a gida ba a taɓa ɗiga jininsu a takarda ba? Ku bar mu mu kama giwa tukuna kafin mu bi ta kan ɓera. Mun yarda SS da SC su ne mafi yawan nauyin, kuma da za a ce mu zaɓi ɗaya, auna jarirai da ba su maganin rigakafi za mu zaɓa. Amma ba a ce mu zaɓi ɗaya ba. Sa'ad da gwaji yake na ganin dama, kuskure ɗaya cikin dubu abin haƙuri ne. Sa'ad da ya zama sharaɗin aure ga kowa da kowa, lissafi ya sauya: idan aka auna mutum 100,000, kuskure ɗaya cikin dubu gida ɗari ke nan. Wanda ya tilasta wa mutane hawa ma'auni, shi ke da alhakin gyara ma'aunin.

Bugu da ƙari, kashi mafi girma na gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Akwai tsohon awo mai araha wanda ake zuba jini a ruwan magani: idan akwai S na gaskiya ruwan ya gurɓace, idan babu ya zauna garau. Shi kaɗai ba ya rarrabe AS da SS, don haka laifi ne a ba mutum takarda a kansa kaɗai, ko da yake ana yi. Amma idan aka haɗa shi da awon lantarki, sai kowane ya rufe wa ɗan'uwansa baya. Layi ya tsaya a gurbin S amma ruwa bai gurɓace ba, to wannan D ne ko G, a tura gaba. Layi ya tsaya a gurbin C babu na S, ruwa kuma ya gurɓace, to a yi zargin C-Harlem. Akwai kuma maimaita awon lantarkin a ruwan magani mai tsami, wanda yake raba S da D, ya raba C da O-Arab. Ƙidayar ƙwayoyin jini da ake yi kullum a asibiti, idan ta nuna ƙwayoyin ƙanana ne ga wanda aka ce AA ne, ishara ce a nemi talasimiya, ko da yake ƙarancin sinadarin ƙarfe ma yana kawo haka. Sababbin tsinkayen gwajin nan masu ba da amsa cikin 'yan mintoci alheri ne ga ƙauye, amma a sani A da S da C kawai aka gina su su gani, sauran na iya wucewa da rigar A.

Abin da ya rage sai a kai shi ga na'urar da ake kira HPLC, wadda take auna kowane iri ta faɗi yawansa da lamba. A tsakanin 2011 da 2012 Gwamnatin Tarayya ta kafa cibiyoyin sikila shida da irin wannan na'ura, ɗaya a kowace shiyya, ta shiyyarmu ta arewa maso yamma aka kai ta Birnin Kebbi. Duk wanda ya san taswira ya san abin da wannan yake nufi ga manomin Gwiwa. Ba muna cewa a saya wa kowane ɗakin shan magani na'ura ba. Muna cewa kwalbar jini ta yi tafiyar maimakon talaka. Babban Asibitin Babura da na Kazaure su zama matattara, duk samfurin da awo biyu suka saɓa a kansa a tura shi Dutse ko Kano a kuɗin hukuma, amsa ta dawo a rubuce. Kowace takardar jinotaif kuma a tilasta a rubuta irin awon da aka yi, da sunan wanda ya yi, da ranar. Takardar da ba ta faɗi yadda aka samo ta ba, bai kamata a kashe aure ko a ɗaura shi a kanta ba.

Mu ma da namu rabon aikin. Mu ne ake miƙa wa takarda a zaure a ce, kai da ka yi boko, karanta mana. Malamai da limamai da masu unguwanni suna dogara da abin da muka faɗa musu. Idan za a fasa aure saboda takarda, mu nemi a sake awon a wani wuri dabam, ta hanya ta biyu, kafin a mayar da kaya. Idan aka haifi ɗa mai ciwo ga uban da aka ce AA ne, mu hana bakuna motsi har sai an sake auna uwa da uba da ɗan a gaban likitan jini. Idan yaron da aka ce AS ne ko SC yana yawan kwanciya, mu gaya wa iyayensa su roƙi likita ya sake duba katin. 'Yan'uwanmu da suke koyon aikin ɗakin gwaji a Jahun da sauran makarantun kiwon lafiya, su ne za su zauna a gaban takardar nan gobe. Kada su ji kunyar rubuta cewa sakamako yana bukatar tabbatarwa, ko da mai jini yana tsaye yana gaggawa ranar ɗaurin aure ta matso.

Daga ƙarshe muna da kira ga jami'o'inmu, ta Tarayya da ke Dutse da ta Sule Lamido da ke Kafin Hausa da Bayero ta Kano. Alƙaluman da duniya take ambata har yau game da jinin mutanen karkarar wannan yanki na 1979 ne, an samo su da kayan aikin wancan zamani, daga mutanen da jikokinsu ne yanzu suke zuwa gwajin aure. Ƙauyukan Garki suna nan inda suke, Kanya Babba da Babura ba su da nisa da su. A koma da na'urorin yau a sake aunawa, a ƙidaya mana D da G da O-Arab da talasimiya da masu riƙe F, a buga sakamakon da Turanci don masana, a kuma buga shi da Hausa, a kai kofe ɗaya kowane asibiti da kowane masallacin Juma'a da ake ɗaura aure a cikinsa.